Mazagin Wandon Sabi'u

Masu kai albasa kasuwa ne suka fara ganinsa, rana tana ɗagowa, a ƙarƙashin wata ƙaramar gada a hanyar Konni zuwa Malbaza. Moto, wato babur, a kwance gefe guda, mai ita a kife cikin yashi. Sabi'u ne, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a bakin tasha. Kafin Ajidan Ɗahiru na jandarmomi ya iso, jama'a sun riga sun gama masa aikinsa: hatsari ne, Allah ya jiƙan rai.

Ɗahiru mutum ne da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, ko shayi a tsaye yake sha. Ya zagaya moton sau uku. Fitila ba ta fashe ba, madubi lafiya lau. Da aka zo ɗaga gawar sai wandon ya zame har gwiwa, wani dattijo ya yi maza ya rufa mata rawaninsa. Ɗahiru ya tsuguna ya shafa ƙugun wandon. Babu mazagi. Ya tona yashin wurin da hannu, bai ga ko guntunsa ba. Wane namiji ne zai wuni yana hawa da sauka a kan moto da wando ba ɗauri?

Likita ya ƙara masa damuwa. Haƙarƙari uku a karye, tafin ƙafafu a kumbure. Ya ce shi dai bai taɓa ganin faɗuwar da ke dukan tafin ƙafa ba.

Mutane sun ce an ga kamyon wani direba Yahuza, babbar motar kaya, a hanyar, don haka da shi aka fara. Yahuza ya shigo yana zufa.

"Ina ka kwana jiya?"

"Bakin iyaka, ranka shi daɗe. Tun azahar motata na layi, sai da sahe anka sallame ni. Ga takardu."

Hatimi da lokaci sun yi daidai, gaban motar kuma ba ko ƙwarzane. Ɗahiru ya sallame shi, ya wuce gidan mamacin.

Lauratu, matar Sabi'u, tana zaune a tsakar gida cikin mata masu gaisuwa, idonta ya bushe don kuka. Ɗahiru ya yi mata ta'aziyya daga bakin zaure, sannan ya yi tambayar da ta sa tsofaffin wurin suka kama baki.

"Malama, ki yi mini haƙuri. Wandon da ya hita da shi, da mazagi?"

Ta dube shi kamar za ta zage shi. "Ni na zura mashi da hannuna shekaranjiya. Nashi ya tsinke, na yago bakin zanena."

Ta shiga ɗaki ta fito da zanen, ja mai ɗigon fari, gefe ɗaya a yage tsawon kamu uku. Ɗahiru ya roƙi aronsa, ya naɗe ya sa a jaka. Ya riga ya gane inda zai nufa, domin wuri ɗaya ya sani a duniya inda ake zare wa namiji mazagi: ƙofar ɗakin tsare mutane, don kada wanda aka kulle ya rataye kansa.

Akwai wani ƙaramin buro, wato ofishi, na 'yan sanda a unguwar bayan tasha, inda gidajen laka suka cushe da juna. Ya leƙa can kamar mai wucewa. Ɗan sandan da ke kan tebur, Rabi'u, ya buɗe masa littafin shiga da fita. Babu sunan Sabi'u. Shugaban wurin, Alkasum, ƙato mai yawan dariya, ya rako shi har waje yana cewa 'yan kabu-kabu ai gudu ne zai ƙarar da su. A tsallaken titi, ƙarƙashin dogonyaro, wata mace tana kwasar tuwo. Ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya, kuma mai sayar da abinci da ba ta kallon mai kaki ta san wani abu.

Zalika sunanta. Shekara shida tana sayar da tuwo a wurin, ita ke miƙa wa tsararru abinci ta taga. Mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, 'ya'ya huɗu a kanta. Ɗahiru bai tunkare ta a rumfarta ba. Ya canza kaya, ya tare ta washegari da hantsi a wurin injin niƙa, inda ko mai ihu ba a jin sa.

"Kin ga Sabi'u shekaranjiya?"

"Ban ga kowa ba."

"Zalika, matatai na da ciki."

Ta gyara kwanonta a ƙarƙashin garin da ke zuba. Sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba. "Bayan la'asar Alkasum ya jawo shi, wai ya ƙi ba da makullin moto. Na ji kukanai har rumhwata. Da magariba na kai tuwo, na hange shi kwance, ba shi motsi." Ta ga hannun Ɗahiru ya nufi aljihun da alƙalami yake. "In ka rubuta sunana, takardar nan buro nawa za ta bi? Kowane buro da abokin Alkasum. Kai gobe a ɗauke ka a kai Illela. Ni nan nike kwana, ƙohwata ko sakata babu."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi masa zafi. Bara ya rubuta sunan wani mai faci a irin wannan magana, yau mutumin da sanda yake tafiya, shari'ar kuma ta watse. Ɗahiru ya bar alƙalamin inda yake. Ya ce mata duk abin da zai yi mata gobe a gaban jama'a, ta yafe masa tun yanzu.

Washegari ya zo da jandarmomi huɗu da takardar mai gabatar da ƙara. Bai shiga buron ba sai da ya tsaya a rumfar Zalika, ya ɗaga murya yadda har masu shayi za su ji.

"Ke! Kullum kina nan zaune, ki ce ba ki ga komi ba?"

"Wallahi tuwona nika kallo."

"Makauniyar banza! Da ina da lokaci da na rufe ki." Ya yi ƙwallo da bokitin wanke kwanoninta, ruwa ya malale a titi. Alkasum yana bakin ƙofa yana dariya.

A ciki, bayan teburin Rabi'u, akwai ƙusa a bango inda ake rataye ɗamara da mazagan tsararru. Ɗahiru ya sa aka fito da mutanen da ke kulle, su biyar, kowa riƙe da ƙugun wandonsa. Bai tambaye su komai ba, don su ma a hannun Alkasum suke kwana. Cewa kawai ya yi kowa ya ɗauki nasa. Suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Guda ya rage a ƙusar, ja mai ɗigon fari. Ya shimfiɗa zanen Lauratu a kan tebur, ya jera tsumman a bakin yagar. Suka haɗu zare da zare.

"Rabi'u, wa ya rataye wanga?"

Rabi'u ya ce, "Ni ne, ranka shi daɗe. Doka ta ce a zare, na zare. Na ɗauki alƙalami in rubuta shi, shugaba ya ce in bari sai ya gama koya mashi hankali."

"Wa ya hita da shi?"

"Ni ban iya mota ba. Ban bar teburin ga ba har sahe."

Makullin motar buron yana rataye a ƙugun Alkasum, a bayan motar kuma aka sami ɗigon baƙin mai inda moton ta kwanta. Dariya ta ƙare.

Ɗahiru ya ce masa, "Ka tuna da littahi, ka tuna ka maida mashi takalmi, har makulli ka bari jikin moton. Amma hannunku ya saba da zare mazagi, bai saba da maidawa ba, don kullum mai shi ka zuwa ya amshi abinai da kainai. Wanga bai iya zuwa ba."

Ana sa masa ankwa Alkasum ya waiga ta taga, wajen dogonyaro. "Wa ya hwaɗa maka?"

Ɗahiru ya yi tsaki. "Wa zai hwaɗa mini a unguwar ga? Kun maida su kurame. Wando na bi."

A rahoton da ya aika, shaidu uku ne: likita, Rabi'u, da tsumma ja. Sunan Zalika bai fito ko a gefen takarda ba, kuma babu wanda ya taɓa ƙofarta.

Bayan sadakar bakwai Ɗahiru ya bi ta unguwar a kan moto, ya tarar da Lauratu ta fito da rakiyar wata tsohuwa za ta awon ciki, ta tsaya a gaban rumfar. Ta dubi Zalika a gaban masu layin sayen tuwo ta ce:

"An ce har jandarma ya tambaye ki, kin ce tuwonki kika kallo. Taki goma tsakaninki da shi, Zalika. Kina jin shi yana kuka. Allah ya isa tsakanina da ke."

Kalma ɗaya daga bakin Ɗahiru ta isa ta wanke ta. A tsallaken titi kuwa sababbin 'yan sanda biyu suna zaune a kan benci, sun zuba ido. Zalika ta dube shi sau ɗaya, ta girgiza kai kaɗan yadda shi kaɗai zai gani. Sannan ta sunkuya a kan tukunyarta, ta ce da muryar da kowa zai ji:

"Ki yi haƙuri, Lauratu. Ni ban ga komi ba."