Abin da Ta Gani a Jinin Mai Agogo

"Ki tsaya inda kike. Kada ki ƙara matsowa."

Tambaya ta tsaya cak a ƙofar sashen masu ciwon huhu, farar rigar aiki a jikinta, takunkumi a fuskarta. Matar da ta tare mata hanya gajera ce, idanunta sun kumbura don kuka. Ita ce mahaifiyar Mai Agogo, saurayin da Tambaya ke shirin aure.

"Mama, ganinsa kawai zan yi, ko ta gilashi ne..."

"Ganin da kika yi masa a baya bai isa ba? Wuni kike hannunki cikin jinin mutane da majinarsu, ki tashi ki tafi shagonsa ki zauna. Ga tsarabar da kika kai masa nan."

A bayan Mama, Auta ce tsaye, 'yar ƙanwarta wadda ta taso a gidan. Wayar Mai Agogo na hannunta, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ta kai wa Mama wannan maganar ba. Kowa a dangin ya san tun tana 'yar makaranta take sonsa.

Tambaya ta buɗe baki, ta rasa abin cewa. Abin mamaki ne gare ta, don ba a banza aka raɗa mata wannan suna ba. Ranar da ta kai agogon marigayi mahaifinta gyara, sai da ta tambayi aikin kowane ɗan ƙarfe da ke ciki, har mai gyaran ya cire gilashin idonsa ya ce, "Baiwar Allah, gyara kika kawo ko jarrabawa?" Daga nan ya sa mata Tambaya, ita kuma ta ƙi kiransa da komai sai Mai Agogo.

Ta juya, ta sauka ɗakin gwaje-gwaje.

Kwalaben jini na jere a kan tebur suna jiranta. Tana dubawa ta ga sunansa a jikin ɗaya. Ta daɗe riƙe da ita a tafin hannu kafin ta ɗiga ɗigo a kan gilashi, ta shafe shi siriri, ta zuba masa rini, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Da farko hawaye ya hana ta gani. Ta share, ta sake leƙawa, sai kukan ya tsaya da kansa.

Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, ta san su kamar 'yan gidansu. Akwai manya masu ciki kamar zaren da aka ƙulle wuri-wuri, su ke fara rugawa inda cuta ta shiga. Akwai ƙanana kewayayyu, masu natsuwa, waɗanda ke gane cuta su riƙe kamanninta. A jinin Mai Agogo manyan sun cika ko'ina, ƙananan kuwa sai ta yi ta lalube kafin ta ga ɗaya. Ta jawo sakamakon gwajin hancinsa. Ƙwayar cutar raguwa take yi.

To me ya sa numfashinsa ke ƙara tsananta?

Ba ta cire safar hannu ba sai a bakin ofishin Likita, dattijuwar da ta koya mata rabin abin da ta sani.

"Likita, ban gane ba. Cutar na ja da baya, shi kuma yana ƙara jin jiki."

Likita ta dube ta ta saman tabarau. "Naki ne, ko?"

"Eh..."

"Zauna. Cutar ta shiga huhunsa, fararen ƙwayoyin suka yi mata ca. Aikinsu ke nan. Amma kowacce ta iso sai ta kira wasu, kiran ya ƙi tsayawa. Abin da suke fesa wa cutar yana ƙona naman huhun shi ma. Wurin ya kumbura, ruwa ya tsattsafo cikin 'yan buhunan da iska ke shiga. Shi ya sa yake jan numfashi ba ya ƙoshi."

"Ƙananan fa, ina suka tafi?"

"Wasu sun koma huhu, wasu sun gaji sun mutu. Har yanzu ba mu gama sanin dalilin da ya sa jikin wani ke tsayawa daidai, na wani ya zarce ba. Ni ma tambayar na damuna."

"Akwai abin yi?"

"Akwai maganin da ke kwantar da kumburin. Da wuri ba a ba da shi, kada a ɗaure wa jiki hannu cuta na kan ƙarfinta. Yanzu da yake kan iskar oksijin, lokacinsa ya yi. Sai dai mahaifiyarsa ta ƙi. An gaya mata maganin kashe ƙarfin jiki yake yi."

Tambaya ba ta tambayi wanda ya gaya wa Mama ba, ta san aikin Auta ne.

Ta koma bakin aiki, zuciyarta na sama wajensa. Tana cikin wanke gilasai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, ita kaɗai, ta riƙe bakin mayafinta tamau.

"Likita ta ce jininsa ne ke cutar da shi," in ji ta, ba sallama. "Ni na haife shi, jinina ne a jikinsa. Ki nuna mini."

Tambaya ta jawo mata kujera, ta rage tsawon madubin. "Ki sa idonki nan, Mama. Kada ki rufe ɗayan, ki bar su duka a buɗe."

"Duhu kawai nake gani."

"Ki ɗan ja baya kaɗan... yawwa."

Mama ta ƙura ido a ciki. Can ta ce a hankali, "Ikon Allah. Duk wannan a ɗigo ɗaya? Waɗannan masu kamar tsaba fa?"

"Jajayen ne, su ke ɗaukar iska su kai wa jiki."

"Masu shuɗin cikin nan su ne cutar?"

"A'a, Mama, su ne masu tsaronsa. Yawansu ne ya wuce kima. Maganin ba kashe su zai yi ba, lallashinsu zai yi su sassauta."

"To ina cutar take?"

"Wannan madubin ba ya iya ganinta, ta yi ƙanƙanta. Kuma ba a jini ake ɗaukarta ba. Ta tari take bi, da atishawa, da numfashin wanda kake zaune kusa da shi."

Mama ta ɗago daga madubin. Ta dubi Tambaya sama da ƙasa. "Ke kin yi tari?"

"Ban yi ba. Ana gwada mu a nan a kai a kai."

Mama ta dafa tebur. "Ni na yi," ta ce da wata irin murya. "Kafin ya kwanta na yi mura mai tari. Ya rufe shago ya zauna a gefen gadona, shi ke ba ni ruwa a baki..."

Tambaya ta durƙusa a gabanta. "Mama, rabin gari na tarin nan. Mutane nawa ke shiga shagonsa a rana? Ba mai iya cewa ga inda ya samo ta. Ko daga wajenki ne, ɗa ya yi jinyar mahaifiyarsa, ina laifi a ciki?"

"Ni kuwa na ɗora miki."

"Tsoro ne. Ni ma shi nake ji."

Mama ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙe. "Taso mu je wajen Likitar. Ke za ki yi mata tambayoyin, na ga bakinki ba ya gajiya."

A ranar aka fara ba shi maganin. Bai yi aiki kamar yankan wuƙa ba. Kwanaki suka wuce ana tsakanin tsoro da fata, kullum da safe Tambaya na leƙa jininsa, Mama na zaune a bencin waje tana jiran labari. Ran da ƙananan ƙwayoyin suka fara dawowa, Tambaya ta fito da gudu har takalminta na zamewa.

Da aka cire masa babban abin numfashi aka bar siririn bututu a hanci, Likita ta yarda a shiga. Ya rame, leɓɓansa sun bushe. Idonsa na sauka a kan Tambaya ya kau da kai.

"Ashe kin daina tsoro," ya ce da dusasshiyar murya.

"Tsoron me?"

"Auta ta ce kin ce ba za ki zo ba, kada ki ɗauka."

Mama ta juya sannu a hankali ta dubi Auta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ajiye masa wayarsa, ki je gida ki jira ni."

Bayan fitarta Mama ta gyara masa filo. "Ni na hana ta shigowa. Yarinyar nan ta san cikinka fiye da ni da na haife ka. Har jininka ta nuna mini."

Ya dubi Tambaya, kunya ta kama shi. "Ki yafe mini, abar ƙaunata. Me kika gani a ciki?"

"Rigima. Kana nan shiru-shiru kamar ba ka iya faɗa ba, ashe a ciki ka ɓoye masifaffu."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, su biyun suka miƙa hannu ga kofin ruwa a tare. Mama ta janye nata.

Bayan ya murmure aka ɗaura musu aure. Auta ba ta zo ba, amma ta aiko da labulaye da ta ɗinka da hannunta, Tambaya kuwa ta rataye su a falo.

Gidan da suka kama a bene yake, huhunsa kuma bai gama komawa daidai ba. Ranar da suka tare, a tsakiyar matakala ya tsaya ya dafa bango yana haki.

"Ki wuce, amarya, zan iso."

Tambaya ta tattara rigarta ta zauna a kan matakalar, ta buga wurin da ke gefenta da tafin hannu.

"Zauna, angona. Ɗakin ba gudu zai yi ba."

Ya zauna. Ta kwantar da kanta a ƙirjinsa tana jin iska na shiga tana fita, har numfashinsa ya daidaita, sannan suka tashi suka ƙarasa hawa tare.