Muryar 'Yar Jimina

An zalunce ni, yara. Tun da aka fara yin kawunai a duniya, ba a taɓa wulaƙanta wani kamar ni ba. An hana ni buɗe baki in ana kallo a falon ƙanwata. Ni! Mutumin da muryarsa ta fi ta rediyo daɗi. Ku zauna ku yi mana shari'a.

Talabijin ɗin gidan ƙanwata ne ya lalace. Hoto garau, amma ba sauti. Ran Asabar na je, na tarar da 'ya'yanta, Dogo da Auta, sun zuba wa wani katun ido. Iyalin jimina ne suka sayi 'yar ƙaramar mota. Kowa wuyansa ya fito ta rufi.

"Kawu, me suke cewa?" in ji Dogo.

"Ai na sha kallonsa," na ce. "Ku matsa min."

Na yi muryar uban jimina, ƙatuwa. Na yi ta uwar, tana ta faɗa. Yara suka kwanta da dariya. Har mamansu ta fito da ludayi a hannu.

Sai ga 'yar ƙaramar jimina tana bin motar da gudu. Na ce, "Ba-ba-baba, ts-ts-tsaya!"

Dogo ya faɗo daga kujera, yana riƙe da ciki.

Mamansu ta ɓata rai. "Yaya, da gaske haka take magana?"

"Ni zan yi miki ƙarya? Haka fim ɗin yake."

Auta ba ta yi dariya ba. Auta tana da in'ina. Wani lokaci kalma takan maƙale mata, sai ta yi ta ƙoƙari kafin ta fito. Ta tashi, ta ɗauki takalmanta, ta shige ɗaki.

Ran Litinin Dogo ya kai muryar makaranta. Lokacin hutun ƙarfe tara ya tara abokansa, ya miƙe wuya, ya yi musu. Suka yi ta shewa. Daɗi ya kwashe shi. Ya hango Auta tana cin abincinta a gindin bango.

"Ga 'yar jiminar can!" in ji shi.

Shi ke nan. Duk inda ta bi, sai yara su miƙe wuya su bi bayanta. A aji Malama ta yi mata tambaya. Auta ta san amsar. Ta tashi, ta buɗe baki. Wani daga baya ya ce, "Ts-ts-tsaya!" Ta koma ta zauna.

Daga ranar Auta ta daina magana.

In tana son ruwa, sai ta nuna kofi. In an kira ta, sai ta zo ta tsaya. Da can ita ke tarar Babansu a ƙofa da labarin makaranta. Yanzu sai ya shigo ya ji shiru.

"Auta, ko Mama kawai ki ce," in ji mamansu.

Ta girgiza kai. Abincinta ma rabi take ci.

Wata rana da yamma Malama ta zo gidan da kanta. Ta faɗi duk abin da ya faru. Babansu ya kira Dogo.

"Kai ka fara wannan?"

"Baba, fim na kwaikwaya. Ba da ita nake ba."

"Jiminar ce ke cin abinci a gindin bango?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Aka karɓe ƙwallonsa, aka hana shi fita wasa. Wannan bai dame shi ba kamar shirun Auta. Ya je bakin ɗakinta ya ce, "Ki yi haƙuri." Ta juya fuska ga bango. Ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka.

Ni kuwa na ɗora wa fim laifi. Na ce masu yin katun ba su da tarbiyya. Na faɗa da ƙarfi, har da buga tebur.

"To," in ji ƙanwata, "a gyara talabijin ɗin. Ina so in ji da kunnena."

Mai gyara ya zo, ya kwance bayan akwatin, ya haɗa wata waya. Na tashi na ce ina da uzuri.

"Zauna, Yaya," in ji ta.

Aka kunna katun ɗin nan. Ga mota, ga wuyaye. Ga 'yar jimina tana gudu. Ta buɗe baki, magana ta fito sumul. Ko kalma ɗaya ba ta maƙale ba. Har waƙa ta yi.

Kowa ya juyo ya dube ni. Na dubi fanka.

Sai muka ji wata 'yar murya daga bakin ƙofa.

"K-kawu, muryata ka sa mata."

Mamansu ta rungume ta tana hawaye. Babansu ya ce, "Ƙara faɗa, 'yata. Muna jin ki."

Washegari Dogo ya nemi izinin Malama, ya tsaya gaban ajin su Auta. Ya ce, "Ƙanwata ce. Ni na yi kuskure. Duk wanda ya ƙara miƙe wuya, da ni yake yi." Malama ta ce daga yau, in Auta tana magana, kowa ya jira ta gama.

Yanzu Auta ta dawo da surutunta. Ta cinye abincinta, har ta kai hannu cikin na Dogo, shi kuwa ya tura mata kwanon.

Ku riƙe wannan, yara. Wasan da ya sa mutum ɗaya kuka ba wasa ba ne, ko da kowa ya yi dariya. Kada ku kwaikwayi abin da mutum bai zaɓa wa kansa ba.

Shari'ar fa? Ku bar ta kawai. Ban taɓa kallon fim ɗin nan ba kafin ranar. Na rasa muryar da zan ba 'yar jimina, na waiga, na ga Auta. Na durƙusa a gabanta da wannan furfurar tawa na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana haɗa amsar, ni kuma na jira. Jimina ba ta da laifi. Ni ne.