Garin da Ya Rage a Kan Inna Rabi

Dutsen farko ya faɗo kan kwano ana kiran sallar magariba, Huraira na tsakar gida tana cire takalman aikin asibiti. Ta zaci yaran Tarauni ne da rashin jinsu. Na biyu ya faɗo gabanta. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da laka mai sanyi irin ta gindin rijiya. Ga shi kuwa ana tsakiyar rani, rijiyar gidan ma an rufe ta da siminti tun kafin a haifi 'yarta Nusaiba.

Kwana tara ana jifa. A na goma Nusaiba ta daina cin abinci, sai zagaya tsakar gida tana ƙirga taku, ta gwara goshi da katanga, ta juyo ta sake. Huraira, da ta shekara ashirin tana jinyar 'ya'yan mutane, ta zuba ido tata tana ƙarewa, ba abin da ta iya sai kuka.

Mahaifiyar Huraira, Inna Rabi, kuwa tana kan tabarma da labarinta guda tilo: Rimin Mu'azu, ƙauye mai gida bakwai inda aka haife ta, wanda birni ya haɗiye har wannan gidan ya zauna a kansa. Kullum sai ta ɗauko, kullum sai an ce, "Inna, don Allah mun ji."

Malam Garba mai ruƙiyya ya zo bayan la'asar, ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Can sai Nusaiba ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Malam, daina ƙona ni. Ba mugunta ta kawo ni ba, ɓata na yi. Shekara hamsin ina yawon duniya, na dawo ban ga garinmu ba. Ina rimin? Ina kududdufin? Ko'ina bulo!"

"Fita daga jikin yarinyar nan."

"In fita in je ina?"

Sai Inna Rabi ta matso da rarrafe.

"Ka tsaya bakin rijiya ka fuskanci gabas," in ji ta. "Taku arba'in, gonar gyaɗar Auwalu. Ka bi burtali, kududdufi na hagunka. Rimin yana bayansa, inda masu adaidaita sahu ke tsayawa yanzu."

"Rabi, duk babu su a ƙasa. A cikin kanki kaɗai suka rage. Ki ba ni su in tafi da abina, in bar miki jikarki."

"Inna, ba a ciniki da su," in ji Malam Garba.

Inna Rabi ta dubi Huraira. Huraira ta dubi goshin 'yarta da ya kumbura, ta sunkuyar da kai. Wannan shirun har gobe yana cin ranta.

"Ɗauka," in ji tsohuwa. "Da ma ba mai so."

Nusaiba ta yi atishawa uku, ta sulale ƙasa, ta nemi ruwa da muryarta. Ba a sake jifa ba.

Da safe Huraira ta kai wa uwarta koko, ta zauna gefen tabarma, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Inna, ba ni labarin Rimin Mu'azu."

Inna Rabi ta yi murmushi, ta kurɓi kokonta.

"A ina yake, 'yar nan? Da nisa?"