Fayil Ɗin da Ya Ƙi Buɗewa

"Guda ɗari biyu nake so, kafin Alhamis!"

Zinariya ta dire filas ɗin kwamfuta a teburin Sa'adiya tana yatsina fuska.

"Mariƙin makulli ne na rabon biki. Duk Dutsin-Ma ke kaɗai ke da injin lesa mai yankan katako, shi ya taso ni tun daga Kurfi... Ango da kanshi ya zana."

Ta juya ta fice abinta.

Sa'adiya ba ta tambayi waye angon ba. Mutum ɗaya ne a Kurfi ya iya zanen da injinta ke yankawa a katako, Abdullatif, ɗan kawun Zinariya.

Shekara biyu suka yi suna wata irin soyayya tasu ta daban. Ya zana fure ko wata kalma mai daɗi a kwamfuta ya turo ta imel, ita ta yanka, ta ba direban Kurfi ya kai masa. Har ranar da Zinariyar nan ta kawo mata saƙon mahaifiyarsa, wai ba za a kawo mata mace kafinta a matsayin suruka ba.

Sa'adiya kuwa akwai zuciya, ga taurin kai. A ranar ta toshe lambarsa, ta goge manhajar zanen da ya sa mata, wai ko alamarta ba ta son gani. Sati guda tana gwada wasu. Wata ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarta, wata sai da intanet take motsi, daga ƙarshe ta tsaya a kan wata ta kyauta mai sauƙin hannu. Aiki ya tafi sumul. Aibinta ɗaya, ba ta karanta irin fayil ɗin da Abdullatif ke ajiye zanensa.

Sau ɗaya ya turo fayil ta imel bayan nan. Ta danna, ya ƙi buɗewa, ta ce can ta matse masa.

Wata huɗu ke nan daga ita sai ƙarar inji da ƙaurin katako. Kewarsa na cinta, amma ko matashinta ba ta gaya wa ba.

Fayil ɗin Zinariya ma ya ƙi buɗewa. Dole ta leƙa shagon maƙwabcinta, Malam Sirajuddeen mai buga fosta.

"Malam, don Allah taimaka mani da kwamfutarka."

Minti ɗaya bai cika ba ya juya mata shi zuwa irin wanda manhajarta ke karantawa.

Minti ɗaya!

Sai ta tuna da fayil ɗin da Abdullatif ya turo. Nan take ta shiga imel ɗinta a kwamfutar Malam, ta buɗe wancan tsohon.

Zanen ƙofar gida ce 'yar ƙarama, da rubutu a jikinta.

"Sahibata, Hajiyata ta sauko, ta amince. Ki yanka wannan ki ba direba kafin Sallah, sai in turo magabata. In ban gani ba, na fahimta."

An yi wata biyu da Sallah.

Da ƙyar ta kai shagonta, ta buɗe lambarsa ta kira.

"Yaya Abdul... yau na ga saƙonka. Wallahi sai yau na gani!"

Ta ƙara da sauri.

"Manhaja na canza, ita kuma ba ta..."

"Kullum sai na je tasha, Sa'adiya. Har direbobi suka fara yi mani dariya."

"Me ya hana ka zuwa?"

"Wadda ta toshe ni? Na ce kar in takura maki."

Hawaye suka ɓalle mata.

"To yanzu fa, Yaya?"

Ta ji ya ja numfashi.

"An ɗaura Juma'ar da ta wuce. Biki kawai ya rage." Ya ci gaba, "Ban san wajenki Zinariya za ta kawo aikin ba. Ki mayar mata, don Allah."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"A'a. Zanenka ne, ba mai yanka shi sai ni. Allah ya sa albarka."

Ta kashe wayar, ta shimfiɗa katako, ta kunna inji. Sannan ta zauna ita kaɗai tana kallon hasken injin yana rubuta sunansa kusa da na wata, sau ɗari biyu.