Angon da Ya Tafi Buga Golf

Laifin da zan ba ku labarinsa raini ne. Ba na zagi ba, irin wanda ake yi da murmushi da ƙamshin turare, mutum ya tsara abinsa ya ɗauka kowa sai ya bi. 'Yan mata, ku buɗe kunne.

Saura mako uku a ɗaura aurenta Radiya ta fito zauren gidansu a Limancin Kona bayan La'asar. Ta tarar Suhail, wanda zai aure ta, ya jingine wata doguwar jaka a bango, kawunan ƙarafa na leƙowa daga ciki. Shi ɗan Ƙofar Kuyambana ne, aiki ya kai shi Abuja, can ya koyo wasan manya.

"Masoyi, wannan fa? Kamar ludaya!"

"Sandunan golf ke nan, hasken idona."

Ya miƙa mata ƙwallon. Fara ce, ba ta kai ƙwan kaza ba, jikinta duk 'yan lotsa-lotsa. Radiya ta dinga juya ta. Ita dama tun tana ƙarama ba ta ganin abu ta bar shi.

"Wa ke tsaron gida?"

"Ba mai tsaron gida. Rami ake nema, ramuka goma sha takwas."

"Ramuka? Ka bar na hanyar Kufena, ka je nema wani wuri?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya nuna mata waya: ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, ga teku a gefe.

"Maroko ke nan. A nan za mu ci amarcinmu."

Radiya ba ta taɓa shiga jirgi ba! Ta shiga jero tambaya. Ana sanyi? Ana samun tuwo? Mata ma suna bugawa? Idan ƙwallon ta faɗa ruwa wa ke shiga? Ta karɓi wayar tana karanta tsarin tafiyar layi-layi, sai yatsanta ya tsaya.

"Tsaya... Juma'a, ashirin ga wata, ƙarfe goma na safe?"

"Eh."

"Suhail, ranar ɗaurin aurenmu ce fa!"

"Na sani, zuciyata. Gasar golf ce za a fara a can ranar Asabar. Ni zan yi gaba, ke ki biyo ni Laraba in an watse biki."

"A ɗaura ba ka nan?"

"Haba! Ai wakili ke karɓa. Kawu Lado yana nan."

"Kai amarya fa? Wa zan tarar a gidan?"

"Mukulli na wajen Hajiyata."

Ta miƙa masa wayar ta ce, "Wa ya zaɓa maka jirgin nan?"

"Nafisa, sakatariyar ƙungiyarmu ta golf. Ta ce shi kaɗai ya rage."

Radiya ta san Nafisa. Ita ce ta zo ranar kawo lefe tana yatsina, tana tambaya wai mota tana iya shiga lungun nan? Kuma da hannunta Radiya ta ba ta katin biki. Nafisa ta san ranar sarai.

Washegari mahaifinta, Malam Ya'u, mai ɗinkin manyan riguna da hannu, ya aika a kira Suhail da kawunsa. Tun farko bai so haɗin ba, Radiya ce ta yi ta kuka har ya sauko. Tana tsaye bayan ƙofa tana ji. Tsohon bai ɗago daga ɗinkinsa ba.

"Gaskiya ne, aure yana ɗauruwa ba ango. Mun ɗaura na wanda ke kwance asibiti. Mun ɗaura na soja yana bakin daga. Kai mene ne uzurinka?"

"Baba, gasa ce... sau ɗaya ake yi a shekara."

Kawu Lado ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Radiya, fito," in ji Malam Ya'u. "Ke za a kai ɗakin, ba ni ba. Faɗi abin da ke ranki."

Ta durƙusa, hawaye na bin fuskarta.

"Suhail, Allah ya sani ina sonka. Ina son ganin Marokon nan, ina so in ga yadda ake buga abin nan. Ka zauna Juma'a da Asabar kawai, mu bi jirgi ɗaya tare."

"Za a cire sunana daga gasar fa..."

"Kwana biyu na roƙa."

"Ki gane mana, an riga an yanki tikiti!"

Ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙe.

"To Allah ya kiyaye hanya."

Shi a ganinsa shagwaɓar amarya ce. Har ya ce wa kawunsa a mota, "Bar ta, in ta ga tsaraba za ta huce." Kawu Lado ya ce ya tsayar da motar, ya sauka ya ƙarasa gida da ƙafa.

Ranar Alhamis, jajiberin ranar auren, aka mayar da akwatunan lefe Ƙofar Kuyambana, ko ɗan kunne bai yi ciwon kai ba. Ranar Juma'a jirgi ya tashi da Suhail, Nafisa na kujerar gefensa. Bai yarda da gaske ake ba sai da ya sauka ya kira Radiya sau goma sha ɗaya, ba ta ɗaga ba.

Ta yi kuka wata biyu, ba zan ɓoye muku ba. Da shekara ta zagayo ta auri Zaharaddini, malamin makaranta, wanda ya zo ɗaurin aurensa tun hantsi ya zauna sahun gaba.

Shi kuwa Suhail ga abin da ya kwaso. A gasar ya zo na talatin da ɗaya cikin mutum talatin da huɗu. Nafisa, kafin su baro Maroko, ta koma hira da wanda ya zo na biyu, shi ta aura. Kawu Lado ya rantse ba zai sake nema masa aure ba. Mahaifiyar Suhail ta daina shiga biki a Limancin Kona don kunya. Ya rasa Radiya.