Takaba a Ɗaki Mai Taya

Ina murza ƙullun gurasar mlawi a bakin ƙofa na hango Najat, ƙanwar mijina, tana haurowa ta cikin itatuwan zaitun, mayafinta na jan ƙasa.

Najat ba ta taɓa tako inda nake ba. Tun kafin ta yi magana na bar murzawar.

"Munsif ya rasu," ta ce. "Zuciya ce... a ƙofar gidan Mama. Ko motar bai kashe ba."

Da safen nan ya kwance motar daga jikin ɗakinmu, ya bar ni a gindin kangon Dugga. Ya ce zai je Tebursuk ya sake roƙon mahaifiyarsa ta zo ta ga inda muke kwana.

Mai walda ne Munsif. Shi ya haɗa ɗakin da hannunsa, ya sa masa taya, gado, murhu da taga ɗaya. Ni kuwa bazawara ce mai gasa gurasa a bakin titin Testur. Nan ya same ni.

"Wasila, kin taɓa ganin Dugga?"

"Duwatsu ne fa. Akwai su a bayan gidanmu."

"Waɗannan jera su aka yi, sarauniyar masu gardama!"

"To ci gurasarka ka ba mutane wuri."

Bai ba da wurin ba sai da ya aure ni.

Mama ta ce wadda ta yarda ta zauna a akwati ba matar aure ba ce, wannan kuma ba gida ba ne. Najat tana da ƙawar da ta ajiye masa, sai ta bi dangi tana cewa wani abu na zuba masa a gurasa.

Mu dai muka kama hanya. A El Jem ya hau can saman ginin wani tsohon dandalin wasa ya ƙwala sunana, har na ɓoye fuska don kunya. A Matmata muka sha shayi a gidajen cikin rami. Duk ƙaramin garin da muka shiga, in zai ja da baya ni ke sauka ina masa alama da hannu.

"Ki tsaya inda zan gan ki a madubi, hasken idona," yake cewa. "In ban gan ki ba, ba na motsi."

A wurin makoki ba wanda ya yi mini gaisuwa. Bayan sadakar uku na koma ɗakina.

Washegari yayyensa suka zo da a-kori-kura, Mama na zaune a gaba.

"Sauko, Wasila," in ji babban, Nuri. "Ƙarfen ɗan'uwanmu ne, an sami mai so. Ki koma gidanku."

"Yaya Nuri, takaba nake."

"Ki yi ta a gidanku mana!"

"A ɗakin miji ake yin ta. Wannan ne ɗakin. Ban san wani ba."

Najat ta yi tsaki. "Ji mini bazawara da fatawa! Mama, ki faɗa mata wannan ba ɗaki ba ne."

Na riƙe ƙofar da hannu biyu. In suka ja shi, ba abin da ya rage mini na Munsif.

Mama ta sauko da sandarta. Ta zo ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallon rigarsa a rataye.

"Ta wane gefe yake kwana?"

"Ta jikin taga, Mama. Yana son ya riga ni ganin gari."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Nuri, ɗaura. Ka kai shi bayan gidana, ƙarƙashin ɓauren nan. Ita kuma ta shiga gaba kusa da ni."

"Mama!"

"Na gama magana."

Takaba ta ƙare tuntuni, ban tafi ba, Mama kuma ba ta ce in tafi ba. Tayoyin sun sace, ciyawa ta kewaye su.

Kullum da hantsi nakan kai mata shayi bakin matakala. Sai ta zauna ta ce, "To, yau ina ya kai ki?"

Sai in faɗi gari ɗaya, da abin da ya ce a can.

Garuruwan sun ƙare tun bara, na koma farko. Ta gane, amma kullum sai ta sake tambaya.