Ƙafafu a Ƙofar Ɗakin Marigayi

Kyamarar da ke saman ƙofar falon ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Sufeto Izzuddeen ya lura da haka tun kafin Hajiya Zulaihatu ta gama bayani.

Ranar Juma'a, tana Aujara wajen suna, aka shiga ɗakin marigayi mijinta aka ɗauke takardun gonar dabino, gadon 'ya'yanta uku. Falalu, ƙanin marigayin, wanda ta riƙe tun yana ɗan shekara tara, shi ya kai ƙara, shi ya nuna maigadi, Baba Mammadu. Kwana biyu ke nan tsohon yana tsare, yana rantsuwa cewa masallaci ya tafi.

Falalu ya ce kada a wahala da kyamarar, tunda ɓarawon ya tura ta da sanda. Shi kuwa a ranar yana Garki.

Sufeto ya sa aka kunna duk da haka. Babu fuska, sai tayil da ƙafafu biyu. Ƙarfe biyu saura kwata suka iso ƙofar ɗakin, suka tsaya, suka zame takalmi. Babban yatsan hagu naɗe yake da bandeji.

"Hajiya, wa ke cire takalmi a nan?"

"'Yan gida. Alhaji bai yarda a shiga masa da takalmi ba. Har yau ba mu daina ba."

"Maigadi fa?"

"Bai taɓa wuce zaure ba."

Washegari Sufeto ya kira Falalu ofis. Ya zo da takalmi sau-ciki duk da zafin garin. Sufeto ya ja shi da hirar kasuwa har aka kira La'asar, sannan ya miƙa masa buta.

"Ina da alwala, Yallaɓai."

"Sabunta mana. Ruwan gwamnati ne, ba za a caje ka ba."

Falalu ya daɗe a tsugune kafin ya kwance igiyar takalmin. Bandejin yana nan, ya yi dauɗa.

Bai yi gardama ba. Ya ce wani dillali ne ya samo mai saye, takardun suna ƙarƙashin kujerar motarsa. Ya ce shekara ashirin yana yi wa gonar nan wahala, amma da aka zo rabo ko bishiya ɗaya bai samu ba.

"Sai ka bar tsoho ya kwana uku a kulle?"



Ana sa wa Falalu ankwa Hajiya ta shigo da kular abinci. Ta ɗauka yana can yana taya su bincike ne bai ci komai ba. Sufeto ya so a ce wani ne zai yi mata bayani, ba shi ba.

"Yaya," in ji Falalu, "ki saurare ni."

Ta dube shi har wani kofur ya wuce da shi ciki. Sannan ta ajiye kular a gaban Baba Mammadu, wanda aka fito da shi yana ɗaure tazuge, ta gyara mayafinta ta fita.